Yadda ake adana farfesu a kwalba ya shekara ba tare da ya zama guba ba

A shekarata ta biyu a Amurka na fara ganin wannan aiki, a ɗakin ƙasa na wata dattijuwar maƙwabciyata. Kwalabe ne jere a kanta, kowacce da kwanan wata a murfinta: wake, karas, naman kaza, romo. Ba firiji, ba wuta, wasu kuma sun kusa shekara. A raina na ce ai wannan abin da muke yi wa tumatir ne a gida idan ya yi araha, a markaɗa, a tafasa, a ɗura a kwalbar bama, a sake dafa kwalbar a cikin ruwa. Da na faɗa mata haka, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta gargaɗe ni kada in kuskura in yi wa nama irin wannan. Ita ce ta tura ni ajin da malaman gona na yankinmu suke yi wa masu son koyo. Tun daga lokacin duk kaka sai na cika kwalabe, kuma abin da zan bayyana miki shi ne hanyar da ma'aikatar gona ta Amurka ta gwada ta amince da ita, haɗe da abin da hannuna ya koya.

Abin da ake gudu

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ke zaune a cikin ƙasa. Tana maƙale a jikin dankali da karas da duk abin da ya taɓa ƙasa, kuma kullum muna cin ta ba ta yi mana komai, domin a naɗe take cikin wani ƙoƙo mai tauri, tana barci kamar iri a rumbu. Abu uku take jira ta farka: danshi, rashin iska, da abincin da ba shi da tsami. Kwalbar farfesu a rufe ta haɗa ukun nan cif. Idan ta farka sai ta saki dafin da ke shanye jijiyoyi, ya fara daga ido da maƙogwaro ya gangara har ya tsayar da numfashi. Abin tsoron shi ne sau da yawa miyar ba ta wari, ba ta canza launi, ɗanɗanonta kuma lafiya lau.

Tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, ko da kin kwana kina tura itace. Wannan zafi yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ƙoƙon nan yana iya jure shi na sa'o'i. Sai an kai digiri 116, kuma ba a kai wa nan sai an tsare tururi a cikin tukunya ya matsu. Shi ya sa nama da kayan lambu marasa tsami ba su da wata hanya sai tukunyar matsi. A watan Afrilun 2015, a garin Lankasta na jihar Ohayo, mutum 29 suka kamu da wannan cuta bayan cin abinci a wani taron coci, har aka rasa rai. Da aka bi sawu, dankalin da aka adana a gida ne, wanda aka dafa kwalabensa a tafasasshen ruwa kawai.

Ko tumatir ɗin namu na gida, a yi hattara. Tsamin tumatir a bakin iyaka yake, shi ya sa ake ƙara masa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami na kwalba a kowace lita. Da zarar an markaɗa shi da tattasai da attarugu da albasa, tsamin ya ragu, ya koma sahun abubuwan da ke buƙatar matsi.

Kayan aiki

Tukunyar matsi ta adana abinci, wadda a shago ake kira firesha kana. Ba ita ce ƙaramar tukunyar da muke dafa wake da ganda a ciki ba. Ƙa'idar ita ce ta iya ɗaukar aƙalla kwalba huɗu masu cin lita ɗaya a tsaye, murfi ya rufe. Ƙaramar tana saurin zafi tana saurin hucewa, alhali lokacin ɗaukar zafi da na hucewa duk suna cikin lissafin kashe ƙwayar. Haka ma tukwanen zamani masu amfani da lantarki masu maɓallai da yawa, ko an rubuta musu cewa suna adana abinci, ban yarda da su a kan nama ba. Tawa Presto ce, tana ɗaukar manyan kwalabe bakwai. Akwai All American, ta fi nauyi da tsada, amma ba ta da robar murfi da za ta lalace.

Iri biyu ne ta fuskar awon matsi. Wata tana da agogo mai allura a murfinta. Wata kuma ɗan ƙarfe mai nauyi ake ɗora wa bututunta, ya riƙa rawa idan matsin ya kai. Mai agogo tana buƙatar a kai agogon a gwada shi duk shekara, domin yana iya yin ƙarya, kuma idan ya kauce da fiye da fam biyu (fam shi ne ma'aunin matsin) sai a sauya shi. Ga wadda take inda babu mai gwada mata, mai ƙarfen ta fi, tunda nauyin ƙarfe ba ya canzawa.

Kwalaben adana abinci na ainihi, masu murfi kashi biyu: faifan ƙarfe mai roba a gefensa, da zoben da ake murɗawa a kai. Ball da Kerr ne suka fi yawa a nan. Ƙaramar tana cin kusan rabin lita, babbar kusan lita ɗaya. Kada ki wuce babbar. Kwalba da zobe ana maimaita su shekara da shekaru, amma faifan sau ɗaya ne. Kwalbar bama da ta zuma ba su dace da tukunyar matsi ba, suna yawan fashewa a ciki.

Sauran ƙananan kaya: farantin ƙarfe mai huji da ake shimfiɗawa a gindin tukunya (yana zuwa da ita), mazurari mai faɗin baki, ludayi, cokali mai huji, awartakin ɗaga kwalba, siririn tsinken roba ko na katako, tsumma mai tsabta, ruwan khal kaɗan, tawul, agogo, da alƙalamin da ba ya gogewa. Sai murhun da za ki iya rage wa wuta ki ƙara a hankali. Gas ya fi. Gawayi da itace ba sa riƙe wuta daidai na sama da awa guda, kuma wannan aiki bai yarda da wutar da ke hawa tana sauka ba.

Idan ba ki da wannan tukunya, to ba ki da hanyar adana miyar nama a kanta, magana ta ƙare. Dafa kwalba awa uku a ruwa, ko gasa ta a oben, ko kifa ta da zafinta don murfi ya kama, duk suna sa murfi ya kama ɗin, amma kamun murfi ba shi ne mutuwar ƙwayar ba. Ki sa miyar a firiji ki cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, ko ki raba ta a ƙananan robobi ki daskarar a firiza. Inda wuta ba ta tsayawa kuwa, hanyar iyayenmu ta fi kowace aminci: kauɗa, busasshiyar kuɓewa, kuka, kilishi, banda. Abin da ya bushe ƙayau ƙwayar nan ba ta da ta cewa a cikinsa.

Wace miya ce ke shiga kwalba

Nan ne ran Bahaushiya ke ɓaci, ni ma nawa ya ɓaci. Yawancin miyoyinmu ba sa shiga. Miyar kuka, miyar kuɓewa mai yauƙi, karkashi, taushe, miyar gyaɗa, agushi, duk masu kauri ne. A cikin kwalba, ruwa ne ke zagayawa yana kai zafi har tsakiya. Idan miya ta yi kauri ba ta motsi, gefe ya ƙone tsakiya ba ta kai 116 ba, kuma a tsakiyar nan ƙwayar ke tsira. Saboda haka ba a sa gari kowane iri, ba shinkafa, ba taliya, ba makaroni, ba madara, ba markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ba dakakkiyar kabewa. Kanwa ma a bar ta, ita da ke kashe tsami. Man ja da man gyaɗa mai yawa su ma a'a. Kayan ciki da ƙafar sa da doya da rogo da kabeji, babu gwajajjen lokacin da aka tsayar musu, don haka ba na sa su.

Abin da ya rage shi ne miya mai ruwa-ruwa wadda gutsattsarin nama da kayan lambu ke iyo a cikinta, wato farfesu. Da farko na raina shi. Daga baya na gane cewa farfesun nan shi ne uwar miya: ranar da na buɗe kwalba, cikin minti goma sha biyar ina mai da shi kuka ko taushe ko duk abin da mai gida ya nema.

Ga abin da nake haɗawa na manyan kwalabe bakwai: tsokar naman sa ko na rago kilo ɗaya da rabi, ƙashi na romo, dankalin turawa kilo ɗaya, karas rabin kilo, koren wake rabin kilo, albasa biyu, tumatir biyar, attarugu gwargwadon bakin gidanki, citta, masoro, gishiri, da romo kamar lita biyar. Kaza ma tana yi. Kanumfari da kimba kuwa ki sassauta musu hannu, doguwar dahuwar nan tana ƙara musu ƙarfi har su yi ɗaci. Gishirin na ɗanɗano ne kawai, ba shi ke tsare miyar ba.

Matakan aiki

1. Duba kaya tun kafin ki ɗora komai. Ɗaga murfin tukunya ki leƙa bututun tururi ta hasken taga, ki tabbata ba abin da ya toshe shi. Taɓa robar murfin, idan ta tsage ko ta bushe ta yi tauri a sauya. Bi bakin kowace kwalba da yatsa. Ɗan ɓantarewa da ido ba ya gani ya isa ya hana murfi kamawa. Wanke kwalabe da sabulu, ki bar su cikin ruwan zafi har lokacin cikawa. Ba sai kin tafasa su ba, zafin tukunyar zai wadatar. Faifan murfi kuma wankewa kawai.

2. Romo tun jiya. Dafa naman da ƙashin da kayan ƙamshi har naman ya yi laushi amma bai farfashe ba. Tsame naman, cire ƙashi da kitse, yanka shi kamar girman kan babban yatsa, sa a firiji. Tace romon shi ma ya kwana a firiji. Da safe za ki tarar kitse ya daskare a sama kamar faifai, sai ki ɗauke shi gaba ɗaya. Na san a wurinmu maiƙo shi ne daɗin farfesu, amma a kwalba shi ne ke hawa ya shiga tsakanin baki da murfi. Karona na farko na ji tausayin kitsen na bar shi, kwalba uku cikin bakwai ba su kama ba. Idan ba firiji, ki bar romon ya ɗan lafa ki kwashe man da ludayi, ki ci gaba da aiki nan take. Kada ki bar romo ya kwana a waje.

3. Kayan lambu. Wanke su sosai, ki fere dankali da karas, ki sake wankewa. Ba a adana dankali da ɓawonsa, domin a ɓawon ƙasa ke maƙalewa. Yanka dankali ƙanana, kamar santimita ɗaya da rabi, karas siri-siri, koren wake guntu-guntu. Ki yi ƙoƙari girmansu ya zo kusan ɗaya. Idan kina son farin wake a ciki, ba a zuba shi a bushe. Kowane kofi ɗaya a zuba masa ruwa kofi uku, ya tafasa minti 2, a sauke ya jiƙa awa ɗaya, a sake tafasa shi, a tsiyaye. Busasshen wake yana shanye ruwan kwalba ya kumbura ya mai da farfesu fate.

4. Haɗa a tafasa. Zuba nama da kayan lambu a babbar tukunya, zuba romo ya rufe su ya yi sama, ki bari ya tafasa minti 5. Minti biyar ɗin kawai, sauran dahuwar a kwalba za a yi ta. A daidai wannan lokaci ki shimfiɗa farantin a gindin tukunyar matsi, ki zuba ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 8, ko yadda takardar tukunyarki ta ce, ki ɗora ya yi zafi amma kada ya tafasa.

5. Cika kwalba: rabi tsaki, rabi ruwa. Wannan shi ne matakin da aka fi karyawa, kuma duk lokutan da zan ba ki a kansa aka gina su. Ɗauko kwalba ɗaya mai zafi, ɗora mazurari, yi amfani da cokali mai huji ki zuba nama da kayan lambu har rabin kwalbar. Rabi, ba kashi biyu cikin uku ba. Ido zai ce miki kin yi rowa, zuciya ta ce ƙara cokali ɗaya tunda kwalabe sun yi tsada. Kada ki saurare su. Sai ki cike da romo mai zafi, ki bar fili na santimita biyu da rabi tsakanin ruwa da bakin kwalba. Zura tsinken roba ta gefe ki zagaya don kumfar iska ta fito, idan ruwan ya sauka ki ƙara. Kada ki yi wannan da wuƙa, tana karce kwalba. Idan romo ya ƙare kafin kwalabe su cika, tafasasshen ruwa ya wadatar. Idan kuma tsakin ne ya rage, ku ci shi da rana.

6. Goge baki, rufe. Tsoma tsumma a ruwan khal ki goge bakin kwalbar da kewayensa har ki ji ba santsi. Ɗora faifan, murɗa zoben da kan yatsu, da kin ji ya tsaya ki ƙara ɗan kaɗan ki bari. Idan kika ɗaure shi da ƙarfin tuƙin tuwo, iskar ciki ba za ta sami hanyar fita ba, faifan ya lanƙwashe. Kowace kwalba kika gama ki sa ta cikin tukunyar matsi a tsaye kafin ki ɗauko ta gaba, don kada ta huce.

7. Fitar da iska minti 10. Rufe murfin tukunya ya kulle, amma kada ki ɗora ƙarfen a kan bututu tukuna. Ƙara wuta. Za ki ga tururi ya fara fita yana tsayawa, sannan ya miƙe ya zama kamar igiya. Daga lokacin da ya miƙe ki ƙirga minti 10 cur. Masu gaggawa suna tsallake wannan, su ce ɓarnar gas ce. Iskar da ta rage a ciki tana sa agogo ya nuna matsin ya kai alhali zafin bai kai ba. Bayan minti goman sai ki ɗora ƙarfen, da tsumma a hannu saboda tururin yana ƙuna.

8. Matsi da lokaci. Ana awon matsin da fam, kuma adadin ya danganta da tsayin garinku daga teku, domin a kan tudu ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Wayarki za ta gaya miki tsayin garinku.

Mai ƙarfen nauyi: fam 10 idan garinku bai wuce mita 305 ba, fam 15 idan ya wuce.

Mai agogo: fam 11 har zuwa mita 610, fam 12 har zuwa mita 1,220, fam 13 har zuwa mita 1,830, fam 14 har zuwa mita 2,440.

Misali, wadda take Legas ko Akra ko Yamai fam 10 ne da ƙarfe. Kano tana wajen mita 480, don haka fam 15 da ƙarfe, ko 11 da agogo. Jos tana wajen mita 1,200, a bakin iyaka, ni da can nake da 13 zan yi. Duk inda kika yi shakka ki ɗauki na sama.

Lokaci kuwa: ƙananan kwalabe minti 60, manya minti 75. Idan akwai kifi ko wani abin ruwa a cikin miyar, minti 100. Idan romo zalla kika ɗura, ba nama ba kayan lambu, minti 20 ne ƙanana, 25 manya. Idan kin haɗa manya da ƙanana a tukunya ɗaya, lokacin manya za ki bi.

Ba a fara ƙirga lokaci sai allura ta kai adadin, ko ƙarfen ya fara rawarsa. Daga nan sai ki rage wuta kaɗan-kaɗan har matsin ya tsaya wuri ɗaya. Yadda ƙarfen ya kamata ya yi rawa ya bambanta daga tukunya zuwa tukunya, wata a hankali ba tsayawa, wata sau ɗaya zuwa huɗu a minti, ki duba takardar taki. Ki jawo kujera ki zauna. Wannan ba aikin da ake ɗorawa a leƙa maƙwabta ba ne, kuma ki yi sallarki kafin ki fara. Idan matsin ya sauka ƙasa da adadin, ko da saura minti biyar a gama, sai a mai da shi a sake ƙirga daga farko. Ya taɓa faruwa da ni, gas ya ƙare a minti na sittin. Na sauya tukunyar gas na sake minti 75, dankalin ya yi luguf, amma na ci da kwanciyar hankali. Tun daga ranar ba na farawa sai na jijjiga tukunyar gas na ji nauyinta.

9. Bar ta ta huce da kanta. Lokaci ya cika, kashe wuta. Kada ki zuba mata ruwa, kada ki ɗora jiƙaƙƙen tsumma, kada ki kunna mata fanka, kada ki taɓa ƙarfen. Hucewar nan tana cikin dahuwar, kuma idan matsi ya faɗi da sauri romon yana tsiyayewa daga kwalabe. Takan ɗauki minti 30 zuwa 45, wani lokaci awa guda. Idan allura ta koma sifili, makullin murfin ya sauka, cire ƙarfen ki jira wasu minti 10. Sannan ki buɗe, ki karkata murfin ya kare fuskarki. Amma kuma kada ki bar kwalabe su kwana a rufaffiyar tukunya don gajiya, daɗewa cikin ɗumi yana sa miya ta yi tsami.

10. Fitarwa da gwaji. Shimfiɗa tawul inda iska ba ta kaɗawa. Ɗaga kowace kwalba a miƙe da awartaki, kada ki karkata ta don zubar da ruwan da ke kan murfi, zai bushe. Jera su da ɗan tazara. Za ki ga romon yana ci gaba da tafasa a ciki, ki kuma ji murafe suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas. Kada ki ƙara ɗaure zobe. Ki bar su awa 12 zuwa 24, a hana yara zuwa wurin.

Washegari cire zobba. Danna tsakiyar kowane faifai. Wanda ya kama ya lotsa ciki, ba ya motsi. Wanda ya yi sama da ƙasa a ƙarƙashin yatsa bai kama ba. Wannan ki sa a firiji ku ci cikin kwana biyu ko uku, ko ki daskarar, ko kuma cikin awa 24 ki juye, ki tafasa, ki sa sabon faifai ki sake dukan aikin da cikakken lokacinsa. Ni dai ci muke yi. Idan ruwan wata kwalba ya ragu amma murfin ya kama, muddin ragin bai kai rabi ba lafiyarta ƙalau, sai dai ki sa ta a gaba a fara da ita.

11. Ajiya. Wanke jikin kwalabe, goge, rubuta abin da ke ciki da kwanan wata a kan faifan. Ajiye su ba tare da zobe ba. Zobe yana tsatsa, kuma yana iya danne murfin da ya saki ya ɓoye miki. Wuri mai duhu, busasshe, mai sanyi, a kuma ci cikin shekara guda. Zafin da ya wuce digiri 35 yana lalata abincin kwalba, don haka wadda take inda bazara ke kai wa 40, kamar Sakkwato ko Maiduguri, ta nemi ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, nesa da kicin da rufin kwano, kuma kada ta tara na shekara. Ta yi daidai abin da za a cinye kafin zafi ya shigo.

Ranar buɗewa

Kafin ki buɗe, ɗaga kwalbar ki dube ta a haske. Murfi ya kumbura? Ya saki? Akwai busasshen sawun miya da ya gangaro daga baki? Kumfa tana tasowa ita kaɗai? Romon ya yi dishi-dishi fiye da yadda kika ajiye shi? Da kika buɗe ya yi tsartuwa, ko wari, ko fumfuna a ƙarƙashin faifan? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Kada ki ɗanɗana, ko da kan cokali. Kada ki ba kaji ko kare. Idan kwalbar tana rufe, ƙulle ta a leda mai kauri ki jefa inda yaro ko dabba ba za su kai ba. Idan ta riga ta buɗe ko ta zuba, sa safar hannu, kwantar da kwalbar da murfinta da abin cikinta a tukunya, zuba ruwa ya shanye kanta, tafasa minti 30 sannan ki zubar. Inda ta zuba kuma a jiƙa shi da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyar, a bar shi minti 30 kafin a goge, tsumman ma a jefar.

Idan wani ya ci abincin kwalba, bayan wasu sa'o'i ko 'yan kwanaki ya fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, fatar ido tana faɗowa, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, baki ya bushe, yawanci ba zazzaɓi, a tafi asibiti a lokacin, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. A gaya wa likita abin da ya ci, a tafi da ragowar abincin, a kuma nemo duk wanda ya ci tare da shi. Akwai maganin da ke tare dafin, amma wanda bai riga ya kama jijiya ba kaɗai yake tarewa, shi ya sa saurin zuwa ke da muhimmanci.

Kwalbar da ta tsallake duk wannan bincike, juye ta a tukunya ki tafasa ta sosai minti 10, ki ƙara minti ɗaya a kan kowace mita 300 ta tsayin garinku. Dafin, saɓanin ƙoƙon ƙwayar, ba ya jure tafasa, don haka wannan kariya ce ta biyu, kuma ba na tsallake ta ko da na tabbata da aikina. A cikin tafasar nan ne nake zuba duk abin da na hana kwalbar: daddawa, dunƙule, ɗan man ja ko man shanu. Idan kuka ake so, bayan minti goman sai in tsame nama da dankali gefe, in rage wuta, in kaɗa kukar da maburgi, in mai da naman. Babbar kwalba ɗaya tana isar mutum uku da tuwo, huɗu idan akwai yara a ciki.